Zagayen shagunan tsofaffin littattafai: me zan duba, yaya zan yi ciniki?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce zai samu hutun kamar mako guda, yana so ya ƙarar da shi wajen zagaya shagunan littattafan gwanjo da na tsofaffin littattafai a garuruwa huɗu ko biyar da ke kusa da juna, kuma bai taɓa yi ba. Yana son sanin yadda zai tsara tafiyar, yadda zai bambance littafi mai daraja da wanda tsufa kawai ya yi, da yadda zai yi ciniki ba a cuce shi ba, shi ma bai ɓata wa mai shago rai ba.

Ɗan'uwa, na daɗe a wannan harka, kuma har yau in ƙamshin tsohuwar takarda ya tarbe ni daga bakin ƙofar shago sai in ji raina ya yi fari. Bari in fara da maganar da sauran bayanina duk ya rataya a kanta. Littafin da ka san sunansa da sunan mai shi, yau ba sai ka yi tafiya dominsa ba. Ka rubuta shi a AbeBooks, shafin intanet na sayar da tsofaffin littattafai, ko makamancinsa, kafin ka ajiye waya an jero maka kwafi daga ƙasashe dabam-dabam. Abin da ake sa ƙafa a hanya dominsa shi ne littafin da ba ka ma san an taɓa rubuta shi ba, wanda babu yadda za ka neme shi tunda ba ka da sunan da za ka nema da shi. Irin wannan sai ka tsaya gaban kanta, ka karkata wuya, kana karanta gadon bayan littattafai ɗaya bayan ɗaya har idonka ya faɗa kansa. Don haka jarin wannan tafiya lokaci ne, da hannun da ya iya taɓa littafi, da bakin da ya iya gaisuwa da tambaya. Kuɗi daga baya suke zuwa.

Shagunan da za ka shiga iri biyu ne, kuma kowanne da yadda ake tunkararsa. Akwai na gwanjo zalla, inda mai shago yake sayen littattafai kwali-kwali daga gidaje da makarantu, ya zube su a kanta da ƙasa da ƙarƙashin tebur, wani kwalin ma bai buɗe ba tun da aka kawo shi. A nan kaya da araha, amma kai za ka yi aikin tona. Sannan akwai dillalin tsofaffin littattafai na gaske, wanda duk littafin da ke shagonsa ya bi ta hannunsa shafi-shafi. Buɗe bangon gaba za ka ga rubutun fensir a farar takardar farko: shekarar bugu, bugu na nawa, abin da ya ɓace ko aka gyara, da farashi. Da yawansu 'yan ƙungiyar sana'a ce ta ƙasarsu, ƙungiyoyin kuma suna ƙarƙashin wata babba ta duniya da ake kira ILAB, wadda aka kafa a 1947, kuma ƙa'idarsu ita ce in littafi ya saɓa da yadda aka siffanta maka shi, ka dawo da shi a ba ka kuɗinka. Shawarata ka fara da irin wannan shago a ranarka ta farko, ko da ba za ka sayi komai ba. Ka nemi izini ka riƙe littattafai uku ko huɗu masu kyau, ka ji nauyinsu, ka ga ɗinkinsu, ka karanta bayanin fensir ɗin. Awa ɗaya a nan za ta wasa maka ido har ƙarshen makon.

Wajen tsara hanya, kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne cusa shago bakwai ko takwas a yini ɗaya. Ido yana gajiya da karanta bayan littattafai fiye da yadda kake zato. Bayan awa biyu a tsaye za ka riƙa wuce abin da ka zo nema ba ka gan shi ba. Shago biyu ko uku sun isa yini. Ka kira waya kafin ka kama hanya zuwa kowane gari, domin yawancin waɗannan shaguna mutum ɗaya ne ke riƙe da su, in ya tafi ganin littattafan wani gida sai ya garƙame ƙofa, lokacin buɗewa da taswirar waya ta nuna maka kuwa ba ya hana shi. Kuma ka bar yini na ƙarshe babu komai a cikinsa. Tabbas akwai littafin da za ka ajiye ranar Talata, ya hana ka barci ranar Alhamis.

Wajen zaɓen garuruwa, ka tambayi kanka daga ina tsofaffin littattafai suke fitowa. Rasuwar mai su, ƙaurar gida, da ɗakin karatu da ya rage kaya, su ne manyan ƙofofin. Garin da malamai da alƙalai da likitoci suka zauna suka tsufa a cikinsa, wato garin tsohuwar jami'a ko tsohuwar cibiyar mulki, shi ke da rijiya mai zurfi, ko da ƙarami ne. Kafin ka fita daga kowane shago kuma ka yi tambaya guda: "Ranka ya daɗe, wa kuma ke da irin wannan fanni a nan kusa?" Dillalai sun san juna, suna saye a hannun juna, kuma wasu daga cikin mafi kyawun kaya suna hannun waɗanda ba su da shago sam, a gida ko sito suke ajiya, sai an yi musu waya ake zuwa. Sunayensu ba sa kan intanet. A bakin ɗan'uwansu za ka ji.

Akwai wuraren da suka tara shagunan a waje ɗaya, in yankin da za ka yana da irinsu to ka huta. Hay-on-Wye, wani ɗan gari a Wales dab da iyakar Ingila, Richard Booth ne ya buɗe shago a cikinsa a farkon shekarun 1960, wasu suka biyo shi har garin ya zama garin littattafai; bikin adabin da aka san shi da shi ya fara a 1988. Wasu ƙauyuka ma sun kwaikwayi wannan gari: Redu a Beljiyam a 1984, Montolieu a kudancin Faransa a 1990, Bredevoort a Holan a 1993, Wigtown a Sikotilan a 1998. A manyan birane kuma unguwa ce sukutum. Jimbocho a Tokiyo tana da shaguna fiye da 100, kuma da yawansu suna jere a gefe ɗaya na titi suna fuskantar arewa don kada rana ta ci bangon littattafai. Wannan dabara kaɗai darasi ce ga duk mai kanta a ɗakinsa. Akwai College Street a Kalkata, da kasuwar littattafai ta katangar Azbakiyya a Alƙahira, da korayen akwatunan masu sayar da littattafai da ke bakin kogin Sen a Paris. Sai dai ka kula da rana. Titin Mutanabbi a Bagadaza, wanda bam ya tarwatsa ranar 5 ga Maris 2007 aka sake buɗe shi a ƙarshen 2008, ranar Juma'a yake cika. Kasuwar littattafan Daryaganj a Delhi ta ranar Lahadi ce, kuma a 2019 an tashe ta daga bakin titi an mayar da ita wani fili da ke kusa. Sannan suna ba shi ne kaya ba. Kasuwar Sahaflar da ke jikin masallacin Bayazid a Istanbul wuri ne mai tarihi, har da mutum-mutumin Ibrahim Mutafarriƙa da ya fara buga littattafai da haruffan Larabci a birnin a 1729, amma yau sababbin littattafai da na 'yan makaranta suka fi yawa a cikinta. Mai neman tsohon kaya sai ya haɗa da lungunan unguwannin Beyoglu da Kadikoy. Haka abin yake a ko'ina: shagon da kowa ya sani an riga an tsince shi, lungu ne ke da saura.

In ka shiga shago, ka yi gaisuwa, ka ajiye jakarka inda aka ce, sannan ka faɗi fanninka a taƙaice. "Ina duba-dubawa ne" ba ya buɗe maka komai. "Ina neman tsofaffin littattafan nahawu da ƙamus" kuwa yana iya sa mutum ya miƙe ya shiga ɗakin baya ya fito da kwali. Ka zagaya shagon sau ɗaya da sauri don ka gane tsarinsa, sannan ka dawo ka bi a hankali. Layin da ke daidai ido kowa ya gani. Ka durƙusa ka duba na ƙasa, ka nemi tsani ka duba na can sama, ka haska tocilar wayarka bayan layin gaba, domin sau da yawa akwai layi na biyu a ɓoye. Ka duba fannonin da ke maƙwabtaka da naka, saboda littafi yakan ɓace cikin kantar da ba tasa ba ya yi shekaru. Wajen ciro littafi kada ka saƙala yatsa a saman gadon bayansa ka ja, nan ne wurin da ya fi saurin yagewa. Ka tura na dama da na hagu ciki kaɗan, ka kama shi a tsakiya. Mai shago yana kallon hannunka, kuma daga wannan motsi ɗaya yake yanke shawarar ko zai nuna maka abin da ke kulle a kabad.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Tsufa kaɗai ba ya sa littafi daraja. Littafin addini ko na makaranta da aka buga dubbai a 1880 yana nan birjik, ɗan ƙaramin littafin da aka buga kwafi kaɗan a 1960 kuwa sai ka yi shekara goma ba ka gamu da shi ba. Daraja tana zuwa ne in abu uku suka haɗu: ana neman littafin, ba shi da yawa, kuma kwafin da ke hannunka cikakke ne mai lafiya. Na farko da na biyu sai da karatu da daɗewa. Na uku kuwa yau ma za ka iya koya, kuma shi ne zai tsare maka aljihu.

Fara da takarda, ka ɗaga shafi ɗaya ga haske. Har wajen tsakiyar ƙarni na 19 da tsumman lilin da auduga ake yin takarda. In da hannu aka yi ta za ka ga siraran layuka a jikinta kamar saƙa, da wasu layuka masu tazara da suka gitta su, wani lokaci har da tambarin masana'anta da ba ya fitowa sai a haske. Takardar da aka yi a arewacin Italiya don kasuwar ƙasashen Musulmi, alal misali, an san ta da tambarin jinjirin wata guda uku. Irin wannan takarda tana da ƙwari, tana da ɗan kauri, tana amo in ka kaɗa ta. Daga wajen 1870 takardar itace ta mamaye kasuwa saboda araha, ita kuwa tana ɗauke da sinadari mai tsami da ke cin ta daga ciki. Shi ya sa za ka ga littafin 1750 fari tas, na 1890 kuma ya yi ja kamar an gasa shi, gefensa yana marmashewa. Sabon shiga yakan ga wannan jan ya ɗauka alamar daɗewa ce mai tsada, alhali alamar rashin lafiya ce. In ƙusurwar shafi tana karyewa da an taɓa, littafin ba zai jure karatu ba, kuma babu maganin da zai dawo masa da ƙarfinsa a gida.

Sai ka shafa rubutun da kan yatsa, a hankali. Tsohon bugu da haruffan dalma ake danna shi, saboda haka harafi yana nutsewa cikin takarda, in ka juya bayan shafin ka karkata shi ga haske za ka ga tudun rubutun. Bugun hoto na zamani sumul yake. Wannan gwaji yana da amfani ƙwarai ga mai neman littattafan Larabci. Madaba'ar Bulaƙ da Muhammad Ali mai mulkin Masar ya kafa a Alƙahira a 1820, wadda ta fitar da littafinta na farko a 1822, ta buga manyan littattafai da yawa, daga baya wasu madaba'u suka ɗauki hoton shafukan suka sake bugawa, wani lokaci har da tsohuwar shekarar a jiki. Matanin ɗaya ne, don karatu babu laifi ko kaɗan, amma kada ka biya kuɗin asali a kan hoto. Akwai kuma bugun dutse, wanda marubuci yake rubutawa da hannu a kwafe rubutun a kan dutse a buga, kamar na birnin Fas a Maroko da aka fara a 1865 da na madaba'ar Nawal Kishor a Laknau ta Indiya. Shi ma sumul yake, kuma yana kama da rubutun hannu sosai, har wani ya sayar maka da shi a matsayin rubutun hannu, da sani ko ba da sani ba. Ka duba tawadar. Ta alƙalami tana yin duhu inda aka tsoma, ta yi haske inda ta kusa ƙarewa, ta bugun dutse kuwa kusan bai ɗaya take.

Shekarar bugu tana shafin suna ko bayansa a littattafan Turawa, a tsofaffinsu da lambobin Rumawa, inda MDCCC ke nufin 1800. A tsofaffin bugun Larabci ka juya can ƙarshen littafi ko ƙarshen juzu'i, inda mai gyara yake rubuta kammalawa, yakan ambaci wata da shekarar Hijira. Don ka san ta Miladiyya a tsaye, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622: 1300 za ta ba ka 1883, kuskuren ba ya wuce shekara guda. Ga littattafan baya-bayan nan, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a jikinsa, tana taimako. Mai lamba 10 ta fara aiki a 1970, mai 13 a 2007, don haka littafin da ke ɗauke da ita bai girmi wannan zamani ba, ko me aka rubuta a shafin farko. Rashinta dai ba hujjar tsufa ba ce, domin madaba'u da yawa sun daɗe ba su kama ta ba. Wasu mawallafa kuma suna jera lambobi a bayan shafin suna, 10 9 8 7 har ƙasa. Lamba mafi ƙanƙanta da ta rage ita ce ke gaya maka karo na nawa aka buga. In akwai 1, bugun farko ne. Ga littattafan adabin ƙarni na 20, rigar takarda da ke naɗe da bango tana iya ɗaukar kaso mafi girma na kuɗin littafin, saboda ita aka fi yarwa. Amma in don ilimi kake saye, ka tuna bugun farko shi ne mai kurakuran da aka gyara a na biyu.

Abin da na fi so ka riƙe da kyau shi ne duba cikar littafi, domin a nan ni kaina na taɓa yin asara. Na sayi wani littafin tafiye-tafiye mai bangon fata, na duba gaba da baya da tsakiya, komai lafiya. Sai da na isa masauki da dare na karanta jerin hotuna da ke gaban littafin, na ga an ambaci taswira mai naɗewa a wani shafi. Na buɗe wurin, babu komai sai wani siririn gefen takarda, faɗinsa bai kai farce ba, an yanke shi tsaf da reza. Wani ya cire taswirar tun da daɗewa ya sayar da ita daban, kamar yadda ake yi don a sa a firam. Littafin nan yana kantata har yanzu, duk lokacin da na kai wannan shafi sai na ji zafin abin. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin littafi mai hotuna ko taswira sai na zauna na ƙirga su ɗaya-ɗaya da jerin. Ka bi lambobin shafi, musamman goman farko da goman ƙarshe, nan suka fi zubewa. A tsofaffin bugu da rubutun hannu akwai kalma guda da ake ajiyewa a ƙasan shafi, ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye. In ba su dace ba, an rasa wani abu a tsakani. In littafi mai juzu'i da yawa ne, ka jera su ka tabbata duk bugu ɗaya ne, shekara ɗaya ko masu bin juna, tsawo ɗaya, kuma fihirisa tana nan. Juzu'i guda da ya ɓace, nemansa yakan fi neman saitin gaba ɗaya wuya. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan ƙirga, kujera ma zai ba ka.

Lahani kuma akwai wanda ake haƙuri da shi, akwai wanda ake gudu. Ɗige-ɗigen ruwan ƙasa a shafi, sunan tsohon mai littafi, bango da ya koɗe, duk ba sa hana komai. Rubutun gefe ma wani lokaci ƙari ne. Na taɓa tsintar wani ɗan littafin nahawu a ƙarƙashin tebur, gefensa cike da rubutun fensir na wani malami da ya koyar da shi, yana gyara misalai, yana sa alama inda ɗalibai ke tuntuɓe. Na ƙaru da gefen fiye da tsakiyar. Wanda za ka guda shi ne fumfuna mai rai. Ka kai littafin hanci: warin ɗaki mai laima, da tabo mai gashi-gashi fari ko baƙi ko kore, alama ce zai harbi sauran littattafanka. Ƙananan ramuka na ƙwaro in tsofaffi ne ba komai, amma in ka bubbuga littafin a tafin hannu gari ya zubo, mai ramin yana ciki. Salatif da aka liƙa a yaga yana barin tabon da ba ya fita. Fatar bangon littafin ƙarni na 19 da ke bar maka jan gari a hannu ta riga ta mutu. Ka buɗe littafin a tsakiya ka duba ko akwai zare; mai ɗinki ana iya gyara shi, wanda gam kaɗai ya riƙe in gam ɗin ya bushe shafi-shafi zai riƙa fita. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: wasu littattafan tsakiyar ƙarni na 19 masu bangon yadi kore shar, da sinadarin asanik mai guba aka rina su. Gidan tarihi na Winterthur a Amurka ya fara bincike a kansu a 2019. In ka taɓa irinsu ka wanke hannu kafin ka kai shi baki, kuma kada ka ajiye inda yara ke kaiwa.

Hatimi yana bukatar tsayawa. Littafin da ɗakin karatu ya fitar bisa ƙa'ida yana ɗauke da hatimi na biyu da ke nuna an cire shi daga rajista. In ka ga hatimin makaranta ko masallaci babu wannan, ko ka ga an kankare wani wuri, ko an yanke ƙusurwar shafin suna, ka tambaya daga ina ya fito. In an rubuta waƙafi ne, to mai shi ya tsayar da shi don jama'a, ni dai ba na saye, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya. Rubutun hannu da littattafan da suka tsufa ƙwarai kuma, ƙasashe da yawa sun hana a fita da su sai da izini, musamman tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan kayan tarihi. Masar da Turkiyya suna cikin masu tsanani a wannan. In tafiyarka za ta tsallaka iyaka, ka san dokar kafin ka biya, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan littafin da shekararsa.

Batun ciniki ya danganta da wuri. A tebur na bakin titi da kasuwar mako, tayi wani ɓangare ne na sayen. A shagon dillali mai farashin fensir, ragi kaɗan ne, kuma ya fi samuwa in ka haɗa littattafai da yawa ka ce, "In na ɗauki waɗannan duka, nawa za ka bar mini?" Kada ka kushe kaya don a rage maka. In akwai lahani na gaske da bai lura da shi ba, ka nuna masa da ladabi, shi da kansa zai gyara farashin. Kada kuma ka tsaya gabansa kana duba farashi a waya. In dole ne ka fita waje. Ko a can ma ka sani abin da kake gani a intanet kuɗin da masu sayarwa suke nema ne, wani kwafin ya shekara biyar a wannan farashi ba wanda ya taya, kuma da yawa a jerin sababbin bugu ne da inji ke fitarwa daga hoton tsohon littafi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kai da ka riƙe littafin ka ƙirga shafukansa ka fi allon waya sanin abin da ke hannunka. In ka tsinci abu mai daraja a farashin banza a shagon ɗan kasuwa, rabonka ne, sana'arsa ce ya sani. In kuwa a hannun iyalin mamaci ne da ba su san me suke sayarwa ba, ka gaya musu gaskiya. Kuma in mutum ya ba ka awa biyu na lokacinsa da iliminsa, ya hau tsani dominka, kada ka fita hannu rabbana, ka sayi ko ƙaramin abu ne. Da irin wannan ƙananan ciniki shagon yake biyan haya har ka same shi a buɗe baɗi.

Ka raba kuɗinka tun daga gida, kada garin farko ya cinye na sauran. Amma littafin da ka tabbata ka daɗe kana nema, cikakke, a farashin da za ka iya, ka ɗauka a take, domin kwafi ɗaya ne, ba a sake kawo wani gobe. Wanda kake shakka a kansa ka roƙi a ajiye maka kwana biyu, yawanci ana yarda.

Ka tafi da ɗan littafin rubutu mai jerin abin da kake da shi a gida, musamman lambobin juzu'an da suka ɓace maka, da fensir, da jakar yadi mai ƙarfi. Littafi nauyi gare shi, kwali ɗaya ya isa ya canja maka tsarin tafiya, don haka in kaya sun taru ka tambayi dillali ko zai aika maka, sun saba. In da kanka za ka ɗauka, ka kwantar da su manya a ƙasa, ko ka tsayar da su gadon baya yana ƙasa, ka cike gurbi da takarda don kada su yi ta gogar juna, kuma kada ka bar kwalin cikin but ɗin mota a rana, zafi yana narkar da gam yana lanƙwasa bango. In ka isa gida kada ka haɗa su da sauran littattafanka nan da nan. Ka ware su wuri mai iska na mako biyu, ka share ƙurar saman da burushi mai laushi daga gadon baya zuwa waje, littafin yana rufe gam a hannunka. Wanda kake zargin ƙwaro a cikinsa, masu kula da ɗakunan karatu sukan ɗaure shi a leda su sa a firiza mai sanyi sosai kamar mako guda, sannan su bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan takardar.

Kafin ka bar kowane shagon da ya yi maka, ka yagi shafi daga littafin rubutunka, ka rubuta sunanka da lambarka da abu uku ko huɗu da kake nema, ka miƙa wa mai shagon. Dillalai suna ajiye irin waɗannan takardu, kuma su suke fara buɗe kwalin da ya fito daga gidan malami kafin kowa ya gani. Juzu'i na uku na wani ƙamus da na yi shekaru ina nema ta haka ya zo mini, watanni bayan na bar takardar, daga wani dattijo da sau ɗaya tak na taɓa shiga shagonsa. Ya kira ni da safe ya ce ya samu, bangon ya ɗan koɗe, amma ya ƙirga shafukan da kansa, sun cika.